Afuwa, Yafiya da Gafara: Tarken Fassarar Kalmomin Sassauta wa Mai Laifi, da Misalai daga Gada Biyu ta Jos

1.0 Gabatarwa

A watan Afrilu na 2022 Majalisar Magabata ta Ƙasa ta amince da shawarar Shugaba Muhammadu Buhari ta sassauta wa fursunoni 159, cikinsu har da tsohon gwamnan Jihar Filato, Joshua Dariye, da na Taraba, Jolly Nyame. Da kafofin yaɗa labarai na Hausa suka zo ba da labarin, sai wasu suka ce an yi wa mutanen “afuwa”, wasu suka ce Shugaban Ƙasa ya “yafe” musu, wasu kuma suka riƙa musanya kalmomin biyu a cikin labari guda, tamkar dai ma'anarsu ɗaya ce. Galibin gardamar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan dacewar matakin ta fuskar siyasa. Ba a cika waiwayar kalmar da aka isar da labarin da ita ba.

Manufar wannan maƙala ita ce tarken wannan fassara. Za a nuna cewa afuwa da yafiya da gafara da uzuri da haƙuri kowace da muhallinta, kuma abin da ya fi raba su shi ne matsayin wanda ya furta su: mai haƙƙi ne, ko mai iko, ko mai laifin kansa. An ɗauko misalai daga Gada Biyu, wata mahaɗar hanyoyi mai kasuwa a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, daura da Kabong, inda hanya ta nufi Rukuba. Dalilin zaɓen wurin biyu ne. Na farko, Hausa ce harshen ciniki da sufuri a nan tsakanin Birom da Anaguta da Afizere da Angas da Ibo da Hausawa, Kirista da Musulmi. Na biyu, wuri ne da aka zubar da jini fiye da sau ɗaya, saboda haka maganar yafiya a can tana da nauyin da ba ta da shi a cikin aji.

2.0 Kalmomin Ingilishi da Ake Fassarowa

Kafin a tuhumi mai fassara, ya kamata a dubi abin da ke gabansa. Ingilishi yana da kalmomi da dama a wannan fage, kuma su ma iyakokinsu sun shiga juna. “Pardon” ta shigo ne daga Faransanci, asalinta kuwa Latin, inda saiwarta ke nufin bayarwa baki ɗaya. A shari'a tana nufin ikon shugaba na ɗauke hukuncin laifi. A maganar yau da kullum kuwa ƙarfinta ya ragu ƙwarai, har Bature yakan furta ta idan bai ji abin da aka faɗa ba, ko idan ya yi gyatsa a gaban mutane. “Amnesty” daga Girkanci take, ma'anarta ta asali mantuwa, kuma akan yi wa rukunin jama'a ne, galibi ba tare da an gurfanar da kowa ba, kamar wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya shelanta wa masu ɗauke da makamai a yankin Neja Dalta a watan Yunin 2009. “Forgive” ta shafi zuciyar wanda aka ɓata wa. “Excuse” kuwa saiwarta ta Latin na nufin fitar da mutum daga tuhuma.

A kan wannan ta ƙarshe ne masanin falsafar harshe J. L. Austin ya gabatar da fitacciyar laccarsa a 1956, inda ya bambance hanyoyi biyu na kare kai. A ta farko, mutum ya yarda shi ya aikata, amma ya musa cewa aikin mummuna ne. A ta biyu, ya yarda aikin mummuna ne, amma ya musa cewa alhakin duka a wuyansa yake. Bahaushe zai kira ta farko hujja, ta biyu uzuri. Za mu koma ga wannan a 3.4.

Akwai kuma wani abu da lauyoyi suka daɗe da lura da shi game da “pardon”. A shari'ar Burdick ta 1915, Kotun Ƙolin Amurka ta bayyana cewa afuwar shugaba tana ɗauke da alamar laifi, karɓarta kuma tamkar amsa laifin ne. An sake tayar da wannan magana bayan Shugaba Ford ya yi wa Nixon afuwa a 1974 tun ba a kai shi kotu ba. Wato kalmar tana sakin mutum, a lokaci guda kuma tana shafa masa baƙin fenti.

3.0 Kalmomin Hausa

3.1 Yafe

Aikatau “yafe” shi ya fi sauran zama daram a cikin tsarin nahawun Hausa, domin yana shiga rukunonin aikatau da Parsons ya fayyace a 1960. Dubi waɗannan jumloli:

(1) Ta yafe masa bashin.
(2) Ta yafe wa mijinta sauran sadakinta.
(3) Ya yafe gadonsa.
(4) Na gode, na yafe abincin.
(5) Na yafe wa duniya shi.

A duk jumlolin nan aikatau yana rukuni na 4. Karɓau kai-tsaye shi ne abin da aka saki: bashi, sadaki, gado, abinci, har da ɗa a (5), wadda uba kan furta idan ya fid da rai da ɗansa ya sallama shi. Kaikaitaccen karɓau kuwa shi ne wanda aka sakar wa. Daga nan za a ga cewa gundarin ma'anar “yafe” ita ce mutum ya saki abin da yake nasa. Yafe laifi reshe ne na wannan ma'ana: wanda aka cuta yana bin macuci bashi, sai ya saki bashin. Shi ya sa jumla irin wannan take da nauyi a kunne:

(6) *Audu ya yafe wa Bala bashin Tanko.

Duk Bahaushen da ya ji (6) zai tambaya, shi Audu mene ne nasa a ciki? Ba za ta karɓu ba sai an san cewa Audu magajin Tanko ne ko wakilinsa. Ke nan aikatau ɗin ya ɗora wa aikau sharaɗi, shi ne ya zama mai haƙƙi. Ba a samun saɓani da wannan a addu'ar “Allah ya yafe mana”, domin a nan haƙƙin na Allah ne. Sanannen abu ne ma a bakin malamai da jama'a cewa Allah ba ya yafe haƙƙin wani bawa a kan wani sai mai haƙƙin ya yafe.

Akwai kuma siffar rukuni na 2, wadda ake ji a “mu yafi juna” da “ku yafe ni”, inda mutumin da kansa yake zama karɓau kai-tsaye. A nan rubutun boko yana haifar da ruɗani, domin “na yafe ka” tana iya zama rukuni na 2, da karin sauti ƙasa-sama, wato an daina riƙe ka da laifi, tana kuma iya zama rukuni na 4, da karin sauti sama-ƙasa, wato an sallama ka. A baki ba a rikita su, a takarda kuwa sai muhalli ya raba gardama. Rukuni na 7 kuma ya ba mu “yafu”, kamar a “wannan laifi ba ya yafuwa”, jumlar da ke nuna cewa harshen ya tanadi gurbi ga abin da ya fi ƙarfin yafiya.

3.2 Afuwa

“Afuwa”, ko “ahuwa” a karin harshen yamma, kalmar aro ce daga Larabci. Suna ce, ba ta haifi aikatau ba, sai dai a ce “an yi masa afuwa”. Wannan siga ta “an yi wa” ta dace da harshen hukuma, tun da tana ɓoye aikau. A Hausar yau an fi jin kalmar daga sama zuwa ƙasa: sarki ga talaka, shugaban makaranta ga ɗalibi, gwamna ga fursuna. Abin da ake ɗaukewa a nan horo ne. Ba a cewa an yi wa mutum afuwar sadaki.

To amma kalmar tana da wata tsohuwar rayuwa a fiƙihu wadda ta saɓa wa wannan. A aya ta 178 ta Suratul Baƙara, saiwar da ta ba mu “afuwa” ita aka yi amfani da ita ga dangin wanda aka kashe idan suka haƙura da ƙisasi. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda duk ɗalibin Risala ya sani, afuwar kisan ganganci tana hannun waliyyan jini. Idan sun yi ta, hukuma tana da sauran nata: bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. Kisan gilla kuwa, wato wanda aka yaudari mutum aka kashe, babu afuwa a cikinsa ko daga waliyyai. Saboda haka kalma guda ta ɗauki tsarin shari'a biyu. A fiƙihu mai haƙƙi ne yake afuwa, hukuma ta riƙe horo. A tsarin mulki hukuma ce take afuwa, ba tare da tilas ta tuntuɓi mai haƙƙi ba. Mai sauraron da ya tashi a zauren karatu, idan ya ji an yi wa mai kisa afuwa, abin da zai fara zuwa masa shi ne, waliyyan sun yarda?

3.3 Gafara

“Gafara” ita ma daga Larabci take, saiwarta na nufin rufewa ko suturtawa. Ta samu ɗafa-ƙeyar “-ta” ta zama aikatau, “gafarta masa” a rukuni na 1, “gafarce ni” a rukuni na 2. A bakin Musulmi, idan ana maganar zunubi, Allah ne mai gafara. Sai dai ita ce kalmar da ta fi kowace sassaucewa a mu'amala, kamar yadda “pardon” ta yi a Ingilishi. Mace mai shiga gida takan ce “gafaranku dai”. Almajiri yakan kira malaminsa “Allah gafarta Malam”, har addu'ar ta koma laƙabi. Ɗan baro a kasuwar Gada Biyu yana tafe yana “gafara, gafara”, abin da yake nufi kawai a ba shi hanya. Daga irin wannan ne aka sami karin maganar nan ta an gaji da gafara sa ba a ga ƙaho ba.

Wani abin lura a Jos shi ne yadda masu Hausar coci suke amfani da “gafarta” tsakanin mutum da mutum. Tun fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wannan kalma ta kafu a wa'azi da addu'a da waƙoƙin sujada, ta ɗauki gafarar Allah ga bawa da kuma ta ɗan'uwa ga ɗan'uwansa. Don haka idan Kirista ya ce “na gafarta maka”, ya faɗi abin da Musulmi zai faɗa da “na yafe maka”. Wanda bai san wannan ba yana iya jin kamar mai maganar ya ɗauki matsayin da ba nasa ba, alhali kuwa bambancin rajista ne da tarihin fassara ya haifar.

3.4 Uzuri, Hanzari da Haƙuri

Waɗannan uku suna zuwa ne kafin yafiya. Mai kawo uzuri ko hanzari yana neman rage nauyin laifi tun ba a ɗora masa ba: ban sani ba, ban gani ba, an tilasta ni. “Yi masa uzuri” kuwa na nufin nema wa mutum dalilin da zai sa a daina ganin baƙinsa. Inda uzuri ya karɓu duka, ba a bukatar yafiya, tun da ba sauran bashi. Wane uzuri ne yake karɓuwa, wannan ya danganta da tsarin da ake bi. Shari'ar Tsofo Gubba da Hukumar Gargajiya ta Gwandu a 1947 misali ce. Kotun Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa bisa Malikiyya, wadda ba ta ɗauki tunzurawa a matsayin abin da ke rage kisan ganganci ba, yayin da kundin laifuffuka na Turawa ya ɗauke ta a haka. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin. Abin da ya zama uzuri a wannan kotu bai zama ba a waccan.

“Haƙuri” ta bambanta da duk sauran ta wata fuska. Wanda ake nema ya aikata shi ne wanda aka cuta. Mai laifi yakan ce “yi haƙuri”, ɗan kallo ma yakan ce “yi haƙuri”, mai ta'aziyya ma haka. Jumlar ba ta ɗauke da amsa laifi ko kaɗan. Tana da amfani wajen kashe wutar rikici nan take, amma wanda ya haƙura bai zama lalle ya yafe ba. Bahaushe yakan ce “na haƙura, amma na bar shi da Allah”, wato ya janye hannunsa, bashin kuwa yana nan an ɗaga shi zuwa wata kotun.

Wata safiya ina zaune a teburin mai shayi a Gada Biyu na ga waɗannan kalmomi sun jeru cikin mintoci kaɗan. Wani matashi mai keken haya ya goge tiren tumatirin wata dattijuwa, ya watse a titi. Abin da ya fara fita daga bakinsa uzuri ne: “Mama, wallahi mota ce ta matse ni.” Jama'a suka taru suna “Mama, ki yi haƙuri”. Wani jami'in ƙungiyar masu keke ya zo ya zare makulli, ya ambaci tara, da aka roƙe shi ya mayar, ya ce wa yaron, “Yau an yi maka afuwa.” Yaro ya hau zai tafi, sai dattijuwar ta ce, “Shi ya bar maka nasa. Tumatirina fa?” Sai da ya sauko ya durƙusa ya tsince abin da ya tsintu, ya miƙa mata kuɗin da ke aljihunsa, sannan ta mayar masa da rabi ta ce, “Je ka, ɗana, na gafarta maka.” Matar nan ba ta karanta Parsons ba, amma ta raba afuwar mai iko da yafiyar mai haƙƙi fiye da yadda ɗakunan labarai suka raba su a 2022.

4.0 Tarken Fassarar Ikon Shugaba

Sashe na 175 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa iko iri huɗu a kan laifuffukan da dokar Majalisar Tarayya ta kafa, bayan ya shawarci Majalisar Magabata. Sashe na 212 ya ba gwamna irinsu a kan laifuffukan dokar jiha. Na ɗaya, ya ɗauke laifin daga wanda aka hukunta ko wanda ke da hannu a ciki, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Na biyu, ya jinkirta zartar da hukunci. Na uku, ya musanya hukunci mai tsanani da mai sauƙi. Na huɗu, ya ɗauke dukkan horon ko wani sashe nasa. Aibi na farko a fassarar da ake yi shi ne cusa huɗun nan a cikin kalma guda. Wanda aka mayar wa hukuncin kisa ɗaurin rai da rai, da wanda aka saki aka mayar masa da 'yancin tsayawa zaɓe, duka akan ce an yi musu afuwa. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Ana iya ware “afuwa” ga na ɗaya, “jinkirta hukunci” ga na biyu, “sassauci” ga na uku, “rangwame” ga na huɗu, sannan a kira irin ta 2009 “afuwar bai-ɗaya”.

Aibi na biyu shi ne sanya “yafe” a gurbin “afuwa”. A watan Yunin 2018 Babbar Kotun Abuja ta sami Dariye da laifin karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na kuɗin gyaran muhalli da aka ware wa Jihar Filato, ta ɗaure shi shekara 14. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 10, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da 10 ɗin a 2021. An sake shi daga gidan yarin Kuje a watan Agustan 2022, bisa dalilin shekaru da rashin lafiya kamar yadda fadar Shugaban Ƙasa ta bayyana. Ba aikin wannan maƙala ba ne ta auna dacewar sakin. Abin da ya shafe ta shi ne jumlar “Shugaban Ƙasa ya yafe wa Dariye” 'yar'uwar jumla ta (6) ce. Abin da ke hannun shugaba shi ne horo, kuma shi ya ɗauke. Dukiyar kuwa ta mutanen Filato ce, masu zama a bakin ramukan kuza da zaizayar ƙasa, waɗanda don su aka ware kuɗin. Mai fassarar da ya zaɓi “yafe” ya faɗi ɗayan biyu ba tare da ya nufa ba: ko dai dukiyar ta shugaba ce, ko kuma masu ita sun saki. Babu wadda ta faru a cikinsu.

Aibi na uku shi ne rashin raba afuwa da wankewa. Kotu ce take wanke mutum idan ta ga ba shi da laifi. Afuwa kuwa, a Hausa kamar a Ingilishi, tana ɗaukar cewa akwai laifin. Misalin wani ɗan Filato ya isa. Bayan yunƙurin juyin mulkin 13 ga Fabrairu 1976 wanda aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinsa, gwamnatin soja ta zargi Janar Yakubu Gowon da hannu, ta tuɓe masa muƙami yana Ingila. Ya musanta, kuma ba a taɓa gurfanar da shi ba. Idan muka ce Shugaba Shagari ya yi masa afuwa a 1981 muka yi shiru, mai sauraro zai ɗauka an tabbatar da laifin da ba kotun da ta tabbatar. A irin wannan hali wajibi ne mai fassara ya ƙara bayani, ko ya ce an janye zargin da ake yi masa.

Ba za a ɗora wa ƙamusoshi alhakin wannan duka ba. Ƙamus mai harshe biyu, tun daga na Bargery na 1934 har zuwa na Roxana Ma Newman na 1990, aikinsa jera kalmomi masu kusancin ma'ana. Mai fassara a ɗakin labarai, da agogo a kansa, yakan ɗauki wadda ta fara faɗo masa. Abin da ake bukata shi ne aiki irin na ƙamusun kalmomin majalisa mai harsuna huɗu da aka fitar a 1991, amma a wannan karo a fagen shari'a, kuma a bayyana sharaɗin aikau na kowace kalma.

5.0 Yafiya a Gada Biyu

Inda wannan bambanci ya fi tsada shi ne maganar jini. Jos ta ga rikici a Afrilun 1994, da Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010. An kafa kwamitocin bincike, na Mai Shari'a Fiberesima da na Mai Shari'a Niki Tobi da na Bola Ajibola, kuma kokawar da aka fi ji daga kowane ɓangare ita ce ba a cika hukunta masu hannu ba. A jajibirin Kirsimeti na 2010 bama-bamai sun tashi a Gada Biyu da Unguwar Rukuba, mutane da dama suka mutu suna tsakar sayayyar biki. Ranar 14 ga Agusta 2021 kuma, a kan hanyar Rukuba kusa da wannan mahaɗa, aka tare matafiya Musulmi da ke komawa Jihar Ondo daga taron zikiri a Bauchi, aka kashe fiye da ashirin. Ke nan kowane ɓangare yana da mamatansa a wannan yanki, kowane kuma ana binsa.

Gwamna Simon Lalong, wanda ya yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ya ware 7 ga Fabrairu ta zama ranar yafe wa juna da sasantawa a jihar. Niyyar abar yabo ce. Sai dai idan aka auna ta da ma'aunin da ke sama, tambayoyi uku za su taso wa mai juya jawaban ranar zuwa Hausa. Ta farko ita ce ta suna. “Ranar afuwa” za ta sa a zaci hukuma ta fasa tuhumar kowa. “Ranar gafara” za ta zauna daidai a kunnen Kirista, Musulmi kuwa zai ji kamar ranar istigfari ce. “Ranar yafe wa juna” ita ta fi, domin kowa ya san ta, kuma “juna” ta amsa cewa bashin ta ɓangare biyu ne.

Ta biyu ita ce ta aikau. Gwamna ko sarki ko shugaban addini yana iya kira a yafe, yana iya neman yafiya a madadin jama'arsa. Amma idan ya ce “mun yafe” da yawun matar da aka kashe wa miji a kasuwar Gada Biyu, ko uban da aka kashe wa ɗa a hanyar Rukuba, ya sake gina jumla ta (6). Ta uku ita ce ta kaikaitaccen karɓau. Aikatau ɗin yana neman wanda za a yafe wa. Inda ba a san wanda ya aikata ba, ko an san shi amma bai amsa ba, gurbin nan a wofi yake. Mai haƙƙi yana iya sakin abin a ransa don neman lada ko samun sauƙi, addinan biyu kuma sun yaba da haka. Amma abin da taron hukuma yake samarwa a irin wannan hali galibi haƙuri ne, sai a rubuta shi da sunan yafiya. Haƙuri kuwa yana da ranar ƙarewa, kamar yadda maimaituwar rikicin ta nuna.

Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Afirka ta Kudu, wadda aka kafa da dokar 1995 a ƙarƙashin jagorancin Desmond Tutu, ta lura da wannan rabo. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan samun afuwarta shi ne mai laifi ya bayyana duk abin da ya aikata. Ba a shar'anta masa nadama ba, ba a kuma tilasta wa waɗanda aka cuta su yafe ba. Hukuma ta bayar da abin da ke hannunta, ta bar wa masu haƙƙi nasu. Ko da an soki wannan tsari ta wasu fuskoki, ya dai sa kowace kalma a bakin mai ita.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kalmomin sassauta wa mai laifi a Hausa sun rabu bisa matsayin aikau da kuma abin da ake saki. Mai laifi yake kawo uzuri, mai iko yake afuwa a kan horo, mai haƙƙi yake yafe abin da yake bi, gafara ta Allah ce a bakin Musulmi kuma ta haɗa da ta ɗan'uwa a bakin Kirista, haƙuri kuwa dakatar da rigima ne. An ga yadda fassarar da ta haɗe su take sa shugaba ya yafe abin da ba nasa ba, take tabbatar da laifin da kotu ba ta tabbatar ba, take kuma kiran shirun wanda aka cuta yafiya. Shawarar da ake bai wa masu fassara a gidajen rediyo da jaridu da kotuna ita ce, kafin su zaɓi kalma su tambayi kansu, wa ke bin bashin, wa kuma ya sake shi. Ga manazarta kuwa, akwai sauran aiki a kan yadda Birom da Angas da Tarok da sauran harsunan Filato suke raba waɗannan ma'anoni, da irin tasirin da rabon nasu yake yi a kan Hausar da ake yi a Jos.